Zaɓen Kwamfutar Cinya ga Ɗalibin Nazarin Hausa: Duba ga Yanayin Wurno da Rabah da Goronyo

Tsakure

Kwamfutar cinya ta shiga sahun kayan karatun da ɗalibin jami'a ba ya iya kauce musu, tsadarta kuwa ta sa yawancin ɗalibai sau ɗaya suke iya sayenta a tsawon karatunsu. Wannan maƙala ta yi bayanin abubuwan da ya kamata ɗalibin nazarin Hausa ya yi la'akari da su kafin ya saya, musamman wanda ya fito daga ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin Jihar Sakkwato, ko wanda bincikensa zai kai shi can. Maƙalar ta fara da yanayin yankin, sannan ta duba ayyukan da suka keɓanta ga fannin Hausa, wato rubutun boko da Ajami da nazarin sauti. Daga nan ta bi sassan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, ta kuma kawo hanyoyin gwada ta hannu da na kiyaye bayanan bincike. Matsayar maƙalar ita ce, aikin ɗalibi da wurin da zai yi aikin su ne ma'aunin zaɓe, sunan kamfani da ƙyalƙyalin jiki kuwa su biyo baya.

Fitilun Kalmomi: Kwamfutar cinya, nazarin Hausa, haruffa masu ƙugiya, Ajami, gabashin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta, ɗalibin Nijeriya yake fara karo da wannan na'ura tun kafin ya taka ƙofar jami'a. Bayan ya shiga, rajista da biyan kuɗi da duba sakamako duk ta intanet ake yi. Idan ya kai ajin ƙarshe kuwa, kundin digirinsa sai an buga shi, an gyara, an sake bugawa sau da dama kafin malamin da ke duba aikin ya sa hannu. Ɗalibin digiri na biyu da na uku bukatarsa ta ma fi haka.

A ɗaya gefen kuma, duk kwamfutocin da ke kasuwannin ƙasar nan daga waje ake shigo da su, ko dai a haɗe ko sassansu. Saboda haka, sakin darajar naira da aka yi a watan Yunin 2023 ya ɗaga farashinsu ƙwarai. A gidan da ake dogaro da noman albasa ko shinkafa ko tafarnuwa, kuɗin kwamfuta guda na iya cinye wani babban kaso na amfanin shekara, ko a sayar da dabbar da aka daɗe ana kiwo. Idan aka yi kuskuren zaɓe, da wuya a sami damar sakewa. Abin da ke cikin hatsari kuwa ya zarce kuɗin: akwai lokacin ɗalibi, akwai kuma muryoyin dattawan da ya naɗa, waɗanda wataƙila ba za a sake samun su a raye ba.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce, wane kamfani ne ya fi kyau? Wannan maƙala tana ganin akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan zuwa: wane aiki za a yi da kwamfutar, kuma a ina za a yi shi?

2.0 Yanayin Yankin

Wurno da Rabah da Goronyo suna gabas da arewa maso gabashin birnin Sakkwato, kuma wurare ne masu jan hankalin mai nazarin Hausa. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Goronyo kuwa tana da babbar madatsar ruwa a kan Gulbin Rima, wadda noman rani da su suka bunƙasa a kewayenta. Mai neman tarihin baka, ko waƙoƙin wa'azi da aka rubuta da Ajami, ko kalmomin sana'ar noma da su, ko siffofin Sakkwatanci, duk yana da abin ɗiba a nan. Ɗaliban yankin da dama suna karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, kuma sukan koma gida domin tattara bayanai.

Abubuwa huɗu na yanayin yankin suna shafar kwamfuta kai tsaye. Na farko wutar lantarki. A ƙauyuka da yawa babu ita, inda take kuma ba a iya dogara da lokacin zuwanta. Ana cajin na'urori ne a shagunan caji masu janareta ko farantan sola. Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali masu ƙera kwamfutocin cinya da yawa digiri 35 suke sanyawa a matsayin iyakar zafin wurin da ya dace a yi aiki da su. Na uku ƙurar hunturu, wadda takan shiga ta kafofin iska ta taru a kan fanka, ta hana na'urar huce zafi.

Na huɗu shi ne sadarwa da tsaro. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. Wannan ya isa darasi: ɗalibin da dukkan aikinsa ya rataya a kan intanet yana iya wayar gari ba shi da hanyar buɗe ko shafi ɗaya na kundinsa. Kwamfutar da za ta dace da wannan yanki ita ce wadda take aikinta cikakke ba tare da intanet ba, take kuma daɗewa ba tare da wuta ba.

3.0 Ayyukan Ɗalibin Nazarin Hausa

3.1 Rubutun Boko da Haruffa Masu Ƙugiya

Aikin da ya fi yawa shi ne rubutu, kuma rubutun Hausa yana da haruffan ɓ da ɗ da ƙ waɗanda ba su a kan madannan da aka ƙera domin Ingilishi. Barin ƙugiya yana sauya ma'ana, kamar yadda ake gani tsakanin baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa sassan koyar da Hausa da maɗaba'u hidima mai yawa a lokacin da babu wata mafita. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi, kamar baka-biyu, a ɗora haruffan Hausa a kansu. Shi ya sa idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da zubin, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya.

A yau tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, haka ma ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar tana da U+01B4. Rubutun da aka yi da wannan tsari ba ya rikiɗa a kowace na'ura aka buɗe shi, kuma mai neman kalma a intanet ko a rumbun kundayen jami'a zai same ta. Kundin da aka buga da tsohon zubi kuwa, duk mai neman kalmar ƙasa ba zai iske ta a cikinsa ba, domin a wurin na'ura alamar baka ce take gani.

Abin lura a nan shi ne, wannan matsala ce ta manhaja, ba ta bukatar kwamfuta mai tsada. Windows yana ɗauke da tsarin madannan Hausa da ake iya kunnawa daga saitin harshe. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL kyauta ce, haka ma zubin Charis SIL da Doulos SIL, waɗanda suke ɗaukar alamomin karin sauti da tsawon wasali a kan harafi ba tare da sun karkace ba. Mai nazarin tsarin sauti yana bukatar waɗannan alamomi, domin su ne ke rarrabe fari na launi da fari na ƙarancin ruwa da fari na ɗan fari.

3.2 Ajami

Rubuce-rubucen da ake samu a hannun malaman zaure da gidajen sarauta, da waɗanda ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, galibi da salon rubutun Magaribi da ƙira'ar Warshu suke. A wannan salo, fa'un ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin rubutun Gabas. A 2016 Unicode ya ƙara haruffa na musamman domin wannan salo na Afirka, kuma SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun hannu na yankin Kano, da zubin Harmattan. Duka biyun kyauta ne.

Bukatar da Ajami yake ɗora wa kwamfuta ta fi shafar fuska da rumbun ajiya. Mai karanta hoton tsohuwar takarda yana bin ɗigo da wasali ne, wani lokaci tawadar ta dushe. Fuska mai ƙarancin kaifi tana gajiyar da ido, tana kuma jawo kuskuren karatu. Ta fuskar ajiya kuwa, hoton shafi guda mai megafiksel 12 da ba a matse shi ba yakan kai megabait 36. Shafi 1,000 ke nan zai ci gigabait 36.

3.3 Sauti da Bidiyo

Mai nazarin karin harshe, wanda yake son ya tabbatar da yadda mutanen Achida ko Gandi ko Shinaka suke furta hwara a gurbin fara, ko yadda suke amfani da na da ta a gurbin ne da ce, dole ya naɗi magana ya saurare ta sau da yawa. Manyan manhajojin wannan aiki kyauta ne. Akwai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka samar domin auna sauti da ganin hotonsa. Akwai ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, wadda ake daidaita rubutu da sauti ko bidiyo a cikinta. Akwai FLEx ta SIL domin tattara kalmomi da tsara ƙamus, da Audacity domin yanka sauti, da Zotero domin tsara manazarta. Babu ɗaya daga cikinsu da take bukatar irin kwamfutocin da ake ƙerawa domin wasannin bidiyo.

Abin da sauti yake ci shi ne wuri. Naɗin da ya dace da nazarin furuci shi ne wanda ba a matse ba, wato nau'in WAV, kuma sa'a guda a ingancin faifan CD takan kai kimanin megabait 635. Hira ta sa'o'i 40 za ta haura gigabait 25. Bidiyon dambe ko na bikin aure kuwa yakan ci gigabait da yawa a sa'a ɗaya.

4.0 Sassan Kwamfuta da Ma'aunin Kowanne

4.1 Batir da Caji

A yankin da ake magana, batir ne abu na farko. Ana auna ƙarfinsa da wat sau sa'a, wanda ake rubutawa Wh a jikinsa. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai Wh 50, idan kwamfuta tana jan wat 10 a lokacin rubutu, zai yi sa'o'i 5. Kwamfutocin wasanni suna da kyan gani da ƙarfin inji, amma cajarsu takan ja wat 150 ko fiye, suna fitar da zafi mai yawa, batirinsu kuma ba ya jimawa. Kwamfutar ofis ta yau da kullum cajarta wat 45 ce ko 65, wanda ƙaramin tsarin sola na gida zai iya ɗauka.

Yana da amfani ƙwarai a nemi wadda take karɓar caji ta kafar USB-C. Irin wannan ana iya ciyar da ita daga ma'ajiyar caji ta hannu da aka fi sani da fawabanki, muddin ma'ajiyar tana fitar da wat ɗin da kwamfutar take bukata. Fawabanki mai mAh 20,000 yana ɗauke da kimanin Wh 74, wanda ko bayan asarar da ake yi wajen juyawa zai iya cika batirin matsakaiciyar kwamfuta kusan sau ɗaya. Wannan na nufin ƙarin yini guda na aiki a ƙauyen da babu wuta.

4.2 Rumbun Ajiya

Rumbu iri biyu ne a kasuwa. Tsohon nau'i, HDD, faifai ne mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da allura mai karatu a kansa. Sabon nau'i, SSD, ba shi da wani sashe mai motsi. Kwamfutar da za a riƙa goyawa a kan kabu-kabu ta hanyoyi masu gargada, ko a cusa ta a motar kasuwa, SSD ya fi dacewa da ita, domin girgiza da faɗuwa su ne manyan abokan gabar faifai mai juyawa. Bugu da ƙari, SSD ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma bai kai HDD cin batir ba. Gigabait 256 shi ne mafi ƙarancin da zai wadatar, mai aikin sauti ko hotunan Ajami kuwa 512 ya fi masa.

Akwai wasu sababbin kwamfutoci masu araha da suke zuwa da ƙaramin rumbu na gigabait 32 ko 64 wanda aka manne shi a jikin allon na'urar. Sabuntarsu da sauƙin kuɗinsu suna jan ɗalibai, amma Windows kaɗai yakan cinye mafi yawan wurin, kuma ba a iya sauya rumbun. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata.

4.3 Ƙwaƙwalwar Aiki da Injin Sarrafawa

Ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, ita ce kamar faɗin tabarmar da ake baje littattafai a kai lokacin nazari. Gigabait 4 yana ƙuntata wa wanda ya buɗe kundi mai shafi 200 tare da ƙamus da shafukan intanet. Gigabait 8 ya wadatar da yawancin ɗalibai, 16 kuma ya fi dacewa da mai aikin bidiyo. Kafin saye, ya kamata a tambaya ko ana iya ƙara ƙwaƙwalwar daga baya, domin a wasu na'urori manne take.

Game da inji, kuskuren da ya yawaita shi ne ɗaukar cewa duk Core i7 ya fi duk Core i5. Zubin da injin ya fito a cikinsa ya fi wannan lamba muhimmanci. Ana gane zubin daga lambar da ke biye: i7-4600U zubi na 4 ne, i5-8250U zubi na 8 ne, i5-1135G7 kuma zubi na 11. Na farkon cibiyoyin sarrafawa biyu gare shi, na biyun kuwa huɗu, don haka i5 ɗin ya fi i7 ɗin ƙarfi duk da ƙanƙantar sunansa.

4.4 Babbar Manhaja

Kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuwa yana bukatar sashen tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama yake karɓa. Saboda haka, ɗalibin da zai yi shekara huɗu ko fiye da kwamfutarsa, zubi na 8 ne iyakar da bai kamata ya sauka ƙasa da ita ba. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa yana iya sanya mata Linux, domin Praat da ELAN da FLEx da Zotero da LibreOffice duk suna aiki a kansa.

Kwamfutocin Chromebook an gina su ne bisa zaton intanet na nan kullum, kuma manhajojin da aka ambata ba sa hawa kansu kai tsaye. MacBook na zamani yana da batir mai daɗewa ƙwarai, sai dai yana da tsada, ba a iya ƙara masa ƙwaƙwalwa, gyaransa ba kowane mai gyara ba ne, kuma FLEx ba ta da nau'in da aka yi dominsa.

4.5 Fuska da Madannai da Jiki

Fuska mai inci 14 ita ce tsaka-tsaki tsakanin sauƙin ɗauka da sauƙin karatu, kuma kaifinta ya kai 1920 da 1080. Wadda ba ta ƙyalli ta fi dacewa da mai aiki a zaure ko ƙarƙashin bishiya, inda haske yake da yawa. Madannai su kasance masu daɗin bugu, domin a kansu za a shafe watanni. Jikin kuma ya zama wanda ake iya kwancewa da sukurdireba a share ƙurar fanka, a sauya batir ko rumbu.

5.0 Sabuwa ko ta Hannu

Ga mai ƙaramin ƙarfi, kwamfutar ofis ta hannu sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Kamfanoni a Turai da Amurka sukan sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, su kuma 'yan kasuwa su shigo da su ta Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja su bazu zuwa Kano da Sakkwato da sauran birane. Nau'o'i irin su Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5 galibinsu na zubi na 8 ne, an ƙera su domin aikin yini, kuma kayan gyaransu suna samuwa. An kawo su a matsayin misali ne kawai na ajin da ake nufi.

Sai dai ta hannu ba a yi mata cinikin biri a sama. Ya kamata mai saye ya je da kansa, ko ya tafi da wanda ya san na'ura, ya gwada waɗannan abubuwa kafin ya biya:

i. Lafiyar batir. Idan aka rubuta umarnin powercfg /batteryreport a Windows, zai fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai hatsari ne, a guje shi.

ii. Gaskiyar abin da aka faɗa. A duba nau'in inji da girman ƙwaƙwalwa da rumbu daga cikin saitin na'urar, domin takardar da aka liƙa a jiki ana iya sauya ta.

iii. Madannai da kafofi. A buga kowane harafi, a gwada kowace kafar USB, da kafar abin saurare, da kyamara, da kama intanet.

iv. Zafi. A bar ta tana aiki na kimanin rabin sa'a, a saurari fanka, a ga ko tana mutuwa da kanta.

v. Kulle. A tabbatar babu kalmar sirri a saitin farko na BIOS, kuma ba a ɗaure ta da asusun wata ma'aikata ba.

vi. Rasit. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da wa'adin mayarwa idan matsala ta ɓulla. Wannan kariya ce daga sayen kayan sata.

Haka nan, bai kamata a zuba dukkan kuɗin a kan kwamfutar kaɗai ba. A ware wani abu domin rumbun waje, da abin saurare mai rufe kunne, da jaka mai kauri, da abin kare na'ura daga hauhawar wuta, musamman ga mai caji da janareta.

6.0 Kiyaye Na'ura da Bayanai

Kwamfuta idan ta lalace ana iya sayen wata, amma hirar da aka yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya ba ta da madadi. Ƙa'idar da masu adana bayanai suke bi ita ce kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun waje da aka ajiye a wani gida dabam, ɗaya kuma a intanet duk lokacin da aka shigo gari. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi babobin kundi da muhimman hirarraki. Filashin da ake kaiwa shagunan buga takardu kuwa hanya ce ta ɗauko ƙwayoyin cutar kwamfuta, don haka a keɓe masa aikinsa, kada a mayar da shi ma'ajiya.

Akwai kuma amanar waɗanda aka yi hira da su. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, murya da sunan wanda ya yi magana a kan abin da ya faru a ƙauyensu na iya jefa shi cikin hatsari idan na'urar ta faɗa hannun da bai dace ba. Haka ma muryoyin matan aure da suka amince aka naɗi waƙoƙinsu na daka ko na reno bisa sharaɗi. Ya wajaba a sanya kalmar sirri, a kuma kulle rumbun da BitLocker ko VeraCrypt, a adana sunaye a fayil dabam da na sauti. Sau da yawa ma hikima ita ce a bar kwamfutar a gari, a shiga ƙauye da ƙaramin rikoda ko waya da littafin rubutu, a kwashe bayanan bayan an dawo.

Ta fuskar zafi da ƙura, a guji ɗora ta a kan katifa ko darduma mai toshe kafofin iska, a guji barinta cikin mota a rana, domin zafi yana rage kwanan batir. A fi yin aiki mai nauyi da safe ko da dare a lokacin bazara, a kuma kai ta a share fanka bayan kowane hunturu.

7.0 Rawar Sassan Koyar da Hausa

Ɗalibi shi kaɗai ba zai warware komai ba. Muddin sashe ko mujalla suna sharɗanta tsohon zubin haruffa, ɗalibi zai bi, kuma kundayen za su ci gaba da zama a ɓoye ga masu bincike. Sassan Hausa suna iya amincewa da Unicode a matsayin ƙa'idar buga kundi, su tanadi Keyman da zubin haruffa da Praat da ELAN a rumbu guda da sababbin ɗalibai za su kwafa ba tare da sayen data ba. Suna kuma iya shigar da wannan horo cikin darasin dabarun bincike, su buɗe ma'ajiyar da za a riƙa ajiye kwafin sautin da ɗalibai suka naɗo, bisa izinin masu muryoyin.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ayyukan ɗalibin nazarin Hausa ba sa bukatar kwamfuta mai tsananin ƙarfi, domin haruffa masu ƙugiya da Ajami da nazarin sauti duk manhajoji na kyauta ne suke ɗaukar nauyinsu. Abin da yanayin Wurno da Rabah da Goronyo yake nema shi ne juriya: batir mai lafiya da ake iya ciyarwa daga sola ko fawabanki, rumbun SSD na gigabait 256 zuwa sama, ƙwaƙwalwar gigabait 8 aƙalla, injin zubi na 8 ko sama, fuska mai kaifi, da jikin da mai gyara na kusa zai iya buɗewa. Wanda ya sami waɗannan, ya rubuta aikinsa da Unicode, ya kuma ajiye kwafi uku na abin da ya tattaro, ya kare kuɗin iyayensa da shekarun karatunsa, ya kuma bar wa masu nazarin Sakkwatanci da adabin yankin abin da za su iya buɗewa su karanta bayansa.